Shekarar da Duman Goggo Ya Ɗauko Baƙon Uba

Ku matso kusa, ku kife wayoyin nan a kan tebur, ku ara mini kunnuwanku. Abin da zan faɗa babu Gizo a cikinsa, babu Ƙoƙi. Ni ce a ciki, da duma, da wata tsohuwa 'yar Bangaladash.

Tun da satin nan ya kama nake jin ku a falo kuna bitar jarrabawarku ta gado, wato yadda ɗa ke ɗauko uwa da uba. Ku zana ɗaki huɗu a takarda, ku zuba baƙaƙe manya da ƙanana a ciki, ku ce kun gama. Jiya na ji jikana Abdul yana gaya muku da Turanci wai duk littafin babu abin da ya kai wannan sauƙi. Shi ne kuma ya ɗauki ƙwaryar furata, ya juya ta, ya ce, "Kaka, wannan ai kabewa ce kawai aka raba biyu." To, angon nawa, zauna. Ni ban taɓa shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ko na yini ɗaya. Amma ɗakunan nan huɗu na san su, domin sana'ata ta kusa mutuwa a cikinsu.

Aikin farko da aka fara ba ni shi ne kankara. Ina yarinya, a ƙauyenmu da ke gefen gulbin Maradi, aka kai ni wurin Goggo Tasalla, yayar babana. Mijinta manomin duma ne, da ya rasu ta riƙe gonar da kanta, har da fafa, wadda aikin maza ce a wurinmu. Ta zaunar da ni bakin rami, ta miƙo mini ƙoƙo da aka jiƙa har totuwar cikinsa ta ruɓe, ta ba ni wani lanƙwasasshen ƙarfe mai kamar cokali. Warin nan, in ya kama hannu sai ya kwana ya wuni. Na kankare, ta duba, ta shafa da babban yatsa, ta mayar mini. Na sake, ta mayar. Ba ta faɗa, ba ta yabo. Sai da damina ta zagayo ta kuma zagayowa kafin ta bar ni na riƙe wuƙar fafa.

Fafa kuwa ido ne kafin hannu. Ka ɗora duma a kan gammo don kada ya gangara, ka zagaya shi da zare a daidai cikinsa, ka bi zaren da gawayi. Sannan ka sa bakin wuƙa kana bi sannu sannu kana juyawa, har ka ji ya yi 'yar ƙara ya saki. In ka yi gaggawa tsaga ta gudu ta bar layi, ka tashi da sakaina biyu. Bayan fafa a jiƙa, a ƙwaƙule, a kankare, a shanya a inuwa tukuna kafin rana. Sabuwar ƙwarya ɗaci gare ta, sai an kwana da ita da ƙasari an zubar, an sake, kafin a zuba mata abin da mutum zai sha. Wadda ta tsage daga baya ba a yar da ita, akwai basilla da zare, a ɗinke ta ta koma awon tsaba.

Goggo tana da duma iri-iri. Ludayi a kan dangar bayan gida yake hawa. Shantu, dogon nan da mata ke kiɗa da shi, a gonar tudu. Masaki kuwa, babbar ƙwaryar da mace ke rungumarta da hannu biyu ba ta haɗe yatsu ba, can fadama take shuka shi, shi kaɗai, nesa da kowa. Na tambaye ta dalili, ta ce haka ta tarar. Zaɓen iri ma haka ta tarar. In kaka ta yi, sai ta bi gona tana ƙwanƙwasa duma da bayan yatsa tana saurare. Wanda ya fi girma, ya fi zagaye, ya fi amsawa da murya mai kauri, shi ne uwar iri. Daga cikinsa kaɗai ake ɗebe 'ya'yan da za a shuka baɗi. Uwa ake dubawa. Ban taɓa jin an yi maganar uban duma ba.

Da ɗana Mamman ya ɗauko ni zuwa ƙasar nan don in taya su renon yara, irin masakin Goggo yana ƙulle a bakin zanena. Ba wanda ya tambaye ni a filin jirgi, ni ma ban san ana hana shigowa da iri ba sai daga baya da Mamman ya gani ya riƙe kai. Muna zaune a bene na uku a nan Germantown, ba ƙasar da za ka tona sai ta tukunya. Da yara suka fara zuwa lakwal, zaman ya ishe ni, Mamman ya sama mini ɗan fili a garkar da hukuma ke yanka wa mutane. Faɗinsa bai fi ɗakin kwana ba. Dama da hagu duk baƙi ne irina, kowa yana shuka abin da yake kewa.

Shukar farko sanyi ya kashe ta, domin na shuka da ganin ruwan sama ya sauka, yadda muke yi a gida. Allah Ya sa ban zuba irin duka ba. A nan sai ka tsirar da shi a kofi a bakin taga tun itatuwa ba su yi ganye ba, sai ƙasa ta yi ɗumi ka kai shi. Barewa ta ci, wata ƙatuwar gafiya mai ƙiba ta ci, na koyi kewaye shi da waya. Jiƙo ma ya zame mini magana. Na jiƙa a bokiti a baranda, matar bene na biyu ta kai ƙara wai wani abu ya mutu a gidanmu. Amma duma ya yi. Bai kai na fadama ba, ya dai isa a kira shi masaki ba a ji kunya ba.

Masu saye ba ni na neme su ba. Na je suna a Landover da fura a cikin ƙwarya, an rufe da faifai, kafin a shafa fatiha mata sun kewaye ta kamar sun ga jariri na biyu. Wata tana so ta dama fura, wata ta kafa a bango, wata don kiɗan ƙwarya ranar biki, a kife ta a ruwa a buga. A nan na haɗu da Sista Rifkatu, nas ce mutuniyar kudancin Kaduna, gidanta na nan kusa da mu. Ta ɗauki ƙwaryar ta shinshina, ta ce, "Mama, warin ɗakin kakata!" Tun daga ranar ta ba ni gefen garejinta na riƙa jiƙo da shanya. Ƙananan kuma masu shagunan kayan Afirka suna karɓa. Haka na yi shekaru, kowace kaka in zaɓi uwar iri, in zubar da tsohon, domin laimar ƙasar nan ba ta barin iri ya daɗe, sai ya yi fumfuna.

Sai wata shekara aka ba wata tsohuwa filin da ke jikin nawa. Gajeruwa ce ƙwarai, 'yar Bangaladash. Sunanta ya fi ƙarfin bakina, sai nake ce mata Hajiya Doguwa, saboda abin da take shukawa. Duma ne shi ma, ganye iri ɗaya da nawa, fure fari iri ɗaya mai buɗewa gab da magariba, sai dai nata dogo ne kamar taɓarya, yana rataye a rumfa. Tun yana ɗanye suke yanka shi su yi miya, ba shi da ɗaci ko kaɗan. Ba na jin yarenta, ba ta jin nawa. Sallama ce ta haɗa mu, da alhamdu lillahi, sauran kuma da hannu.

A wannan shekarar ne mai kula da garkar ya kira Mamman ya ce yaɗon dumana yana tare hanya, ko in rage shi ko a karɓe filin. Na ɗauki almakashi. Duma fure biyu gare shi. Akwai mai ɗan ƙulli a gindinsa, shi ke zama ƙwarya. Akwai mai dogon wuya da ba ya haifar komai, a gida furen banza muke ce masa, kuma ya fi yawa a kan manyan rassan nan masu gudu. Na ce to, ga abin ragewa. Na sare rassan, duk furen banzan da na gani na tsinke, na bar masu ƙulli. Duma ya yi kyau a shekarar fiye da kullum. Na ƙwanƙwasa, na zaɓi uwar iri mai zagaye kamar wata daren sha huɗu, na ɗebe 'ya'yanta na shanya.

Sista Rifkatu ta ga wannan masakin, ta ce, "Mama, baɗi 'yata Salome za ta yi aure. Irin wannan nake so matan coci su ɗauko a ka su shigo da shi da rawa. Kada ki ce mini a'a."

Na ce, "In muna raye."

Shekara ta zagayo, ita ce muguwar shekarar. Tsiro ya fito lafiya, yaɗo ya yi ƙarfi fiye da yadda na saba gani. Da ƙullin farko ya fara girma na ga ya yi tsawo. Na ce wannan ɗaya ne, a kowane gida ana samu. Na biyu ya yi tsawo. Kafin tsakiyar zafi duk abin da ke filina ya fito da dogon wuya da ɗan tumbi a ƙasa, shi ba ludayi ba, shi ba shantu ba. Na ƙwanƙwasa wanda ya fara ƙosawa, ya amsa mini da siririyar murya. Na fafe shi don in gani, bangonsa kamar ɓawon ƙwai, ya dare a hannuna.

Na koma gida na zazzage duk gorar da nake ajiye iri, na samu 'yan ƙwayoyi na shekarun baya a maƙale. Na jiƙa su, na naɗe a tsumma, ba wadda ta tsaga baki. Na sa Mamman ya kira ƙanwata a gida. Ta ce, "Yaya, wane masaki? Fadamar Goggo ai gidaje ne yanzu. Kowa roba yake saye. Wanda ya rage yana shuka shi Malam Idi ne, shi ma ya rasu, 'ya'yansa suna Agadas." Ke nan irin da Goggo ta karɓa daga mijinta, shi ya karɓa daga ubansa, ba sauransa a duniya sai waɗannan masu wuyan da ke kwance a gabana.

Ina tsaye a kansu wata la'asar da buhu a hannu, na yi niyyar tuge su in shuka yakuwa, sai Hajiya Doguwa ta leƙo ta kan waya. Ta dubi nawa, ta dubi nata, ta sake duban nawa. Ta shigo, ta ciro 'yar wuƙa daga ƙugunta, ta yanki gefen wani ɗanye ta sa a harshe. Ta tofar, ta tofar, ta goge baki da gefen mayafi, sannan ta fashe da dariya tana nuna ƙirjinta, tana nuna ni.

Nana ce tare da ni ranar, yayar Abdul. A lokacin ta faɗi wannan jarrabawar da kuke bita, an sa ta karatun hutu don ta sake, babanta ya ce in ta taso ta riƙa raka ni garka maimakon kwanciya da waya. Ita ta yi mana tafinta da Turanci.

Ta ce, "Kaka, wai ta ce siffar tata ce, ɗacin naki ne. Wai kun zama surukai."

Na ce, "Surukai ta ina? Ni daga cikin ƙwaryata na ɗebi irina, da hannuna. Ko kusa da rumfarta ban je ba."

Tsohuwar ta tsinko furen banza daga rumfarta, ta buɗe shi, ta shafa cikinsa a bayan hannuna. Wani gari ya fito, rawaya-rawaya. Ta kaɗa yatsu kamar fiffike, ta tashi daga rumfarta ta sauka a kan fure mai ƙulli a filina.

Nana ta yi tsalle. Hausarta mai ɗingishi ce, in ta ji daɗi sai ta ƙara gurguncewa. "Kaka! Wannan da kike tsinkewa shi ne baban! Kin kore duk babannin naki, sai ƙwarin yamma suka kawo na Anti."

"To me ya sa bara ƙwaryar ta fito daidai?"

"Don ƙwaryar jikin maman ce. 'Ya'yan da ke ciki su ne yaran. Ba za ki ga baban ba sai kin shuka."

Na zauna a kan bokiti. A nan na gane abin da ya kai masakin Goggo fadama shi kaɗai, ita ma da ta ce haka ta tarar, gaskiyarta ta faɗa. Na ce, "To an gama. Kamo buhun nan."

Nana ta riƙe buhun ta ƙi saki. Ta tsuguna, ta share ƙasa da tafin hannu, ta zana ɗakunanku huɗu da tsinke. Ta ce kowane ƙwayar iri rabi na uwa ne, rabi na uba. Waɗannan munanan, rabin kowannensu na Goggo ne, yana nan a ciki an danne shi. In aka haɗa su da junansu, a cikin 'ya'yansu, ɗaya cikin huɗu, za a samu wanda ya ɗauko rabin Goggo ta nan, ya ɗauko rabin Goggo ta can. Ta ce wani malamin coci ne ya gano haka a ƙasar Turawa, da wake ya gwada.

Na ce, "Wato yadda kika fito da wushiryar uwata, alhali babanki haƙoransa a haɗe suke."

"Kamar haka. Amma sai an hana ƙwari shiga. Ki ɗauki baban daga jikin shukar, ki ba maman da ke jikin shukar."

"Wa da ƙanwa? A'uzu billahi."

"Kaka, duma ne fa."

Hajiya Doguwa ta tambayi abin da na ce, Nana ta fassara, ta yi dariya har ta dafa rumfa.

Aikin ɗaurin fure ba a littafin Nana yake ba, a hannun tsohuwar nan na koya, su can suna yi don ya yi 'ya'ya da yawa. Bayan la'asar ka bi yaɗo ka nemi furen da ya kumbura bakinsa ya yi fari, wanda zai buɗe a yammacin. Ka rufe macen, ka rufe namijin, tun ba su buɗe ba. Sista Rifkatu ta ba ni 'yan jakunkunan raga da ta saya don ƙulla alewar bikin Salome, su na riƙa sakawa. In rana ta yi ja, ka cire jakar, ka tsinko namijin, ka zare farin ganyensa, ka goga kansa a tsakiyar macen a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Ka mayar da jakar, ka ɗaura jan zare a wuyan ƙullin don ka san wannan da saninka aka yi auren. Mamman yana tuƙin haya, ya ajiye fasinja ya zo ya ɗauke mu, wani lokaci mu yi magariba a gefen mota.

Lokaci ya riga ya ƙure, shi ne abin tsoron. Duman da ya ƙulla a ƙarshen zafi da wuya ya ƙosa kafin sanyi ya sauko. Da yawa suka zube tun suna ƙanana. 'Yan kaɗan suka kama. Da aka fara cewa raɓa za ta daskare, na kwashi tsofaffin barguna na lulluɓe su, da safe in yaye. Ganye ya mutu ya yi baƙi, na yanke su da dogon reshe na kawo su ɗaki, na ajiye kusa da na'urar ɗumama gida. Surukata, matar Mamman, ta yi ta tsallake su har tsakiyar sanyi. Da na fasa, wasu 'ya'yan fari ne fyau ba komai a ciki, wasu kuwa sun yi ƙarfi sun yi ruwan ƙasa. Waɗannan na tsince.

Bikin Salome ya zo ba ni da sabon masaki. Na ɗauko wani tsoho da ya tsage a garejin, na ɗinke da basilla, na goge da mai, aka juya ɗinkin baya. Sista Rifkatu ta ce, "Mama, ba wanda zai gani, duk idonsu na kan amarya." A shekarar ban kai ko ƙoƙo ɗaya shago ba.

Da bazara ta dawo sai wata matsalar. Nana ta ce sai an shuka da yawa, domin ba a san ƙwayar da ta ɗauko Goggo ba, ni kuwa filina ɗaki ɗaya ne. Masu sayen ƙwaryata su suka ara mini ƙasa. Sista Rifkatu ta ba ni jikin katangarta. Wani ɗan kasuwa mutumin Damagaram ya ba ni bayan gidansa a Landover, muka riƙa bin babbar hanya muna cin cunkoso don duma. Hajiya Doguwa ta nemi a canja mata fili, ta koma can ƙarshen garkar, ta bar mini nata na shekarar.

Abin da ya fito, ban taɓa ganin irinsa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya, amma kamar an tara 'ya'yan kasuwa. Ga dogo kamar na Hajiya, ga mai wuya, ga mai kama da ƙwai, ga mai zagaye. Ban jira sun girma ba, ɗan ƙullin da ke gindin fure tun yana kamar goro yake nuna abin da zai zama, wannan idona ya sani tun ina bakin ramin Goggo. Duk mai tsawo na tuge shi da saiwa, masu zagaye na riƙa ɗaure musu fure.

Na ce wa Nana, "Kin ce ɗaya cikin huɗu. Ga masu zagaye sun fito, amma wannan bangonsa siriri, wancan ƙarami kamar ƙoƙon shan magani. Ina na Goggo?"

Ta je ta tambayo malaminsu, ta dawo. Ta ce ɗakuna huɗun na hali ɗaya ne. Ɗaci da ɗakunansa, siffa da nata, kauri da nasa. Girma kuwa ba abu ɗaya ke riƙe da shi ba, abubuwa ne da yawa, kafin su sake taruwa a ƙwaya ɗaya sai an shuka gona guda.

"Me ya hana ki faɗa mini tun bara?"

"Bara ban kai wannan shafin ba."

A cikin dukansu, a jikin katangar Sista Rifkatu, aka samu guda mai jan zare a wuya, mai zagaye, da na ƙwanƙwasa ya amsa da muryar da na sani. Shi na fasa na ɗebi iri. 'Ya'yansa mafi yawa suka biyo shi, 'yan kaɗan suka fito da wuya, na tuge. Na sake ɗaurewa, na sake zaɓa. Jikokinsa suka daidaita. Wasu masu zagaye kuma na lasa na ji ba ɗaci, na kai wa Hajiya Doguwa. Nana ta ce waɗannan ba za su taɓa komawa ɗaci ba muddin ba a bar ƙwari sun kawo nawa ba, kuma haka aka yi.

Ƙwarya ta dawo, mai kauri, mai zagaye, wadda ke riƙe sanyin fura. Ita ce Abdul ya juya jiya. Masaki bai dawo ba. Kowace shekara ina zaɓen mafi girma, yana ɗan ƙaruwa, amma har yau in na rungume shi yatsuna suna haɗuwa. Don haka in kun zauna gobe kun cika ɗakunanku huɗu kafin malami ya juya baya, ku cika, Allah Ya ba da sa'a. Ku dai sani kowane ɗaki damina guda ce a wurin mai shuka, kuma akwai abin da in ya watse ba ya sake taruwa a ɗan fili.

Goggo Tasalla ta rasu tun kafin in zo ƙasar nan, ba ta ji wannan labari ba. Nana ta ci jarrabawar a karo na biyu, yanzu tana jami'a tana karatun haɗa magunguna, in ta zo hutu ba ta zuwa garka, wai sauro. Mamman yana nan yana tuƙi, ya daina riƙe kai. Salome ta haihu biyu, tsohon masakin mai ɗinki yana kan kabad a falonta, ta hana ni karɓa. Sista Rifkatu ta bar aikin asibiti, ta cire furannin da ke jikin katangarta gaba ɗaya ta bar wa duma. Hajiya Doguwa ɗanta ya samu aiki a wata jiha mai nisa ya tafi da ita. Ranar da za ta tafi ta zo har bene na uku da ƙafarta, ta kawo mini miyar duma mai zagaye a kwano, muka ci, ba mai yi mana tafinta, ba mu kuma nema ba.

Ni kuwa ga ni. Gwiwa ta hana ni tsuguno, a kan kujera nake ɗaurin fure, yatsuna kuma sun fara kuskuren ƙulli. Iri yana nan a gora, na bana, da saninmu aka yi aurensa. Wanda ya gama jarrabawa a cikinku yake so, ya zo in ba shi. Amma ba zan ba shi a hannu ba sai ya zauna bakin bokiti ya kankare ƙoƙo na shafa ban mayar masa ba.

Iyakar abin ke nan. Ku ɗauki takardunku, a kawo mini butata.